Rabin Ɗakin Baba

Ranar wata Laraba ce da hantsi, ana jiran tsayuwar watan azumi, a shekarar da haƙorana na gaba suka zube, 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙi ya watsa kasuwar Salaga. Ina zaune a dokin ƙofar ɗakin Babana, na miƙe ƙafafu na tare hanya, tsintsiya a kan cinyata, sai ga Inna ta shigo tsakar gida da wata mata a bayanta. Doguwa ce siririya, ta manyanta, ta ɗaura baƙin saƙi wanda rana ta cinye rininsa, da kwando a ka an ɗaure shi tam da igiya, da tabarma a hammata, dugaduganta duk faso. Inna ta ce in tashi in gai da Iya Kande, ita za ta zauna a ɗakin nan daga yau. Gaisuwa kam na gaishe ta, don ba a yi mini tarbiyyar banza ba, amma tashi ban tashi ba. Na ce ɗakin Babana ne, kuma yana nan dawowa. Inna ta watsa mini irin hararar nan da in ba baƙo a gida dundu ke biyo bayanta, ni kuwa na kafe ina kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tsintsiya.

Gidanmu yana cikin tsohon zangon Ankara, yadda iyayenmu ke kiran Accra, tsakanin kasuwa da hawan Tudu. Ginin ƙasa ne da rufin ciyawa, ɗaki biyu da zaure, da ceɗiya a tsakar gida wadda ta girmi kowa a unguwar. Da yamma iska kan taso daga teku ta kawo mana ƙamshin gishiri da hayaƙin kifin da matan Ga, 'yan asalin garin, ke banda, ta haɗa shi da na daddawarmu, har yau kuma in na ji waɗannan biyun tare sai in ga kamar zan juya in ga Inna tana tankaɗe. Babana falke ne. Ya bi ayari arewa sayen shanu da kanwa, ya ce mini zai dawo kafin in gama haddace ƙananan surori, ya kuma ce in riƙa share masa ɗaki kada gizo-gizo ya gaje shi. Ya bar buzunsa a shimfiɗe, da butarsa, da tsohuwar hula a maratayi. Na haddace surorin, na wanke allo na ci gaba, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba shi ba labarinsa. Ni dai ban fasa shara ba. A ƙuruciyata na ɗauka cewa sharar nan ita ke riƙe masa hanya, ranar da aka bar ɗakin ko aka ba wani, ranar zai ɓace a daji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma da wannan tsoron nake kwana nake tashi.

Inna ba don son ranta ta kawo mai haya ba. Koko da ƙosai take sayarwa, ni nake kai mata talla bakin kasuwa kafin in tafi makarantar allo, kuma koko ba ya gyara rufi. Namu ya ruɓe har in ana ruwa sai mu jera ƙore da kasake a ɗaki, kowane da irin kukansa. Sai dai a zangonmu na wancan lokaci, karɓar haya abin kunya ne. Baƙo saukarsa ake yi. Maigida ya ba shi ɗaki, a aika masa da tuwo safe da yamma, in ya sayar da kayansa ta hannun maigida a fitar da la'ada, a rabu da sunan kirki. Wannan kuwa harkar maza ce, mace ita kaɗai ba ta zama fatoma mai saukar fatake. Wadda ta kawo wa Inna shawara maƙwabciyarmu ce, Dede, wata 'yar Ga mai sayar da dokunu, tuwon masararsu na cikin ganye, mai jiki da dariya, wadda danginta sun saba ba maƙera jirgi da masu dako hayar ɗaki. Hausarta ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinta. Na ji ta da kunnena tana gargaɗin Inna ta kan katanga: "Uwar Ladi, kai ka ji ni. Mai haya, murhunsa daban. Ranar da ya ci tuwonka ya zama ɗan gida, bakinka ba zai iya tambaya ba."

To, a ranar Larabar nan, Iya Kande ba ta yi fushi da ni ba. Ta sauke kwandonta, ta leƙa ɗakin ta saman kaina, ta daɗe tana kallon buzu da buta da hula. Daɓen ɗakin yana da wata tsaga da ta taso daga ƙofa ta miƙe har bango, ta raba shi kusan biyu. Ta tambaye ni wane gefe Babana ke kwana, na nuna mata da baki. Sai ta tsallake ƙafafuna a hankali, ta shimfiɗa tabarmarta a ɗaya gefen, ta ajiye kwandon a kusurwa, ta ce, "Ni rabin nan na kama. Wancan rabin nasa ne, ke za ki ci gaba da share masa. Kin ga igiyar nan? Ba zan kwance ta duka ba. Ranar da ya yi sallama a zaure, kafin ya cire takalmi na ɗauki kayana." Na dubi igiyar, na dubi fuskarta, na janye ƙafafuna. Inna ta yi ajiyar zuciya ta koma wajen turminta.

Haka muka zama gida mai murhu biyu. Iya Kande ta samo duwatsunta uku ta kafa a gindin ceɗiya, na Inna yana can jikin katanga inda yake tun fil azal. Matan nan biyu in sun tashi gaisuwar safe sai ka ce shekara suka yi ba su haɗu ba, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi sauro, amma ko gishiri ba ya ƙetare tsakar gidan. Inna ce ta fi shan wahala. Mace ce da ta tashi a gidan da ba a ƙirga baki kafin a ɗora tukunya. Kullum in ta zo kwasar tuwo, sai hannunta ya kai ga wani akushi na daban da kansa, ta ɗauko shi, ta riƙe mara a sama, sannan ta tuna, ta mayar da shi ta kife. Na sha ganin haka, ita kuwa ta ɗauka ba wanda ya lura. Matan zango kuma ba su bar ta ta huta ba. A wajen ɗiban ruwa ana cewa wance ta koma 'yar bakin teku, tana cin tuwo tsohuwa na kallonta. Wasu har suka rage shigowa. Abu ɗaya kawai aka yarda ya ƙetare, shi ne wuta, don Dede da kanta ta yanke hukunci cewa garwashi ba abinci ba ne. Ni ce 'yar aiken. Wadda ta riga hurawa, sai in ɗebo a tsingaro in kai wa ɗayar, ina tafe ina busawa. Daga nan in kwanta a kan turmin da aka kifar ina kallon hayaƙi biyu suna tashi, kowane daga kusurwarsa, su haɗe a saman ceɗiya, iskar teku ta tafi da su arewa. Nakan ce a raina ƙila Baba zai shaƙa ya gane na gida ne.

Sana'ar Iya Kande kaɗi. Takan sayo auduga wurin fatake, ta gurza, ta shiɓe, ta zauna a gefenta na ɗakin ta dangwali alli ta murza mazari a kan 'yar fata. Da farko shara kawai ke kai ni, in share rabin Baba, in kaɗe buzu, in sauya ruwan buta, in fita ban dube ta ba. Daga baya sharar ta soma daɗewa. Ƙarar mazarin nan tana da wani abu mai sa jiki ya mutu, ga hasken hantsi yana shigowa ta ramukan rufi ya sauka a daɓe kamar an watsa kuɗin wuri, ga ƙurar auduga tana yawo a cikinsa. Sai in zauna a kan tsagar, ƙafa ɗaya a ƙasar Baba, ɗaya a tata, in tambaye ta yadda arewa take. Ita ba ta iya tatsuniya ba, hanya ta iya. Takan faɗa mini zango bayan zango, inda ake kwana a gindin rimi, inda ake fito da jakuna a kwale-kwale suna rawar jiki, garin da rijiyoyinsa suka fi gidajensa yawa, kasuwar da in ka shiga da safe ba ka kai ƙarshenta sai rana ta take. Ni kuwa duk inda ta ambata sai in ajiye Babana a wurin, yana alwala, ko yana ciniki, ko yana gyara wa jaki mangala. Kowace safiya in matso da shi zango ɗaya kusa da gida. In ya kusa isowa, sai in ji tsoro in mayar da shi baya, don kada ya iso a kaina alhali bai iso a zaure ba.

Sauran rayuwa tana tafiya yadda ta saba. Mu 'yan mata mukan ɗau tuluna mu tafi tafkin bayan gari, don rijiyoyin kusa duk zartsi ne, mu dawo gammo ya jiƙe, wuya ya ƙage. Mukan yi carafke a zaure da duwatsun da teku ta goge, mu yi gaɗa, mu koyi wasan tsalle da tafi da ake kira ampe wurin 'ya'yan Dede, su kuma su koyi zagi da Hausa a wurinmu. Wani lokaci mukan saci jiki mu gangara bakin ruwa mu ga manyan jirage tsaye can nesa ba sa iya matsowa, ana loda huhunan goro a kwale-kwale, igiyar ruwa na ɗaga su tana saukewa, masu goron na tsaye a gaɓa suna salati. Amma ranar da aka ce ayari ya sauka a Tudu, ba wasan da ke riƙe ni. Tudu a lokacin fili ne da ciyawa, sai bukkoki da turakun dabbobi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ban taɓa tafiya ni kaɗai ba. Ina fita zan ji takun Iya Kande a bayana, wai za ta duba auduga. Ni ina duban fuskokin manya masu gemu, ita kuwa na lura samari take bi da kallo, masu kora jakuna, ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. In mun gama sai ta ce, "Yau ma ba namu ba ne. Mu je, rana na yi." Mu dawo tare, sau da yawa ba ta sayi ko ƙullin auduga ba.

Ba ta taɓa ce mini Baba zai dawo ba, ba ta kuma taɓa cewa ba zai dawo ba. In tana bukatar wani abu a kwandonta, sai ta sassauta igiyar gefe ɗaya, ta zura hannu ta lalubo, ta sake ɗaurewa a gabana. Tun ina zuwa dubawa a ɓoye har na daina. Wata rana ruwa ya tsananta, rufin gefen Baba ya soma zuba, na shigo da gudu na tarar ta cire mayafinta ta rufe buzun, ita tana tsugune a gefenta ta ƙudundune, ba ta ko matsar da shi daga inda yake ba. Tun daga ranar na soma share rabinta ma, ban tambayi kowa ba.

Labari ya zo da safe, muna shirin fita da koko. Wani madugu ne ya yi sallama a zaure, tare da limamin unguwa. Da na ji muryar baƙon namiji, sai na saki ludayi, na waiga wajen ɗaki, na ga Iya Kande ta riga ta miƙe, hannunta a kan kwando. Amma madugun bai cire takalmi ba. Ya miƙa wa liman wani carbi, liman ya miƙa wa Inna ta bayan asabari, na kuwa gane shi tun kafin ya kai hannunta, don akwai ƙwaya ɗaya ja da ni na sa masa a madadin wadda ta fashe. Zazzaɓi ne ya kama Baba a wani ƙauye hayin babban kogi, tun bara, ya yi 'yan kwanaki ya cika, an yi masa sutura yadda ya kamata. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ni ban yi kuka nan take ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe duk safiyar da nake matso da shi zango-zango yana kwance wuri ɗaya. Na ji haushi, na ji kunya, na rasa wanda zan ji wa.

A al'adarmu, gidan da aka yi rashi ba a hura wuta sai an yi sadakar uku, maƙwabta ke ciyar da masu makoki. Murhun Inna ya mutu, kokon da aka dama aka raba wa yara. Mata suka soma shigowa, har da waɗanda suka yi watanni ba su taka gidan ba, kowa na cewa bari ta koma ta ɗora tukunya. Kafin ta farko ta dawo, sai na ga hayaƙi na tashi daga gindin ceɗiya. Iya Kande ta hura wutarta da ƙyastu, ba ta aike ni ko'ina ba, ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa miyar kuka da 'yar daddawar da take ɓoyo tun daga arewa. Ta ɗauko akushin nan da Inna ke ɗauka tana mayarwa, ta wanke, ta zuba, ta ratsa tsakar gida a gaban kowa ta dire shi gaban Inna. Inna ta ɗago ta dube ta. Iya Kande ta ce, "Da tukunyarmu ɗaya, da yau ni ma ba ni da ikon hura wuta. Ke kika mai da ni maƙwabciya, to bari in yi aikin maƙwabta. Ci, ki ba yarinyar nan." Inna ta sa hannu ta gutsura, sai a lokacin kuka ya zo mata, ni ma nawa ya biyo baya. Matan da ke zaune suka sunkuyar da kai.

Bayan an yi sadaka mutane sun watse, na ɗauki tsintsiya da safe na shiga ɗakin, don hannu ya riga ya saba. Na tarar da Iya Kande zaune, ta naɗe tabarma, kwando a gabanta. Ta ce alkawarinmu har ya dawo ne, yanzu kuwa ba ta san matsayinta ba, sai abin da na ce, tunda ni aka bar wa ɗakin. Ban taɓa jin babba ya ba ni hukunci irin wannan ba. Na tsaya a kan tsagar nan na daɗe. Sannan na durƙusa na naɗe buzun, na zubar da ruwan butar a gindin ceɗiya, na sauko da hular na kai wa Inna. Na dawo na ja tabarmar Iya Kande na shimfiɗa ta a tsakiyar ɗaki, ta rufe tsagar, na kama igiyar kwandon ina kwancewa. Ƙullin ya yi tauri, sai da na sa sauran haƙorana. Muka fito da kayan ɗaya-ɗaya, zannuwa biyu, tasa, ƙullin kanwa, kwalli. A can ƙasa akwai wata 'yar rigar yaro, fara, an ninke ta da kyau. Ta shafa ta, ta ce ta ɗanta ce, sunansa Garba, a ranar da Salaga ta watse suka rabu a cikin gudu, yanzu ya isa kora jakuna. Na rataye rigar a maratayin da hular Baba ta bari.

Ranar da Inna ta sake ɗora tukunya, hannunta ya kai ga akushin kamar kullum, wannan karon ta cika shi. Ba ta kiran sunana, don ni ce 'yar fari, sai ta ce, "Ke, kai wa Iyarki." Dede na leƙe ta kan katanga, ta tafa hannu ta ce shi ke nan, haya ya mutu, ta bi da dariya har da hawaye. Duwatsun gindin ceɗiya aka kwashe aka tokare randa da su. Rufin kuwa, zaren Iya da kokon Inna suka gyara shi tare kafin wata damina, ban san wadda ta fi sawa ba, su ma ban ji sun taɓa lissafawa ba. Ta zauna da mu har ta ga aurena, ta yi wa ɗana na fari wanka, a ɗakin nan kuma ta cika. Har ƙarfinta ya ƙare ba ta daina hawa Tudu ba in ayari ya sauka, ni ce kuma nake bin ta a baya, wai zan duba kanwa.

Yanzu ina zaune a Nima, wurin da a ƙuruciyata daji ne da makiyaya. Gidana rufin kwano ne, ɗakuna a jere, kuma ni ma haya nake bayarwa, ba wanda ke ganin abin kunya ne. Kowace ƙofa da kurfotinta, da yamma hayaƙi ya tashi ta ko'ina, har ba ka iya gane na wane ne. Masu hayar mutanen kirki ne, muna gaisawa, wasu su shekara su tashi ban san abin da ya rabo su da garinsu ba. Tsohon gidanmu an rushe, shaguna ne a wurin, ceɗiyar ma an sare. Amma duk sa'ad da sabon mai haya ya shigo da kayansa a ɗaure, nakan tsaya in dubi igiyar, jikokina su yi ta dariya wai tsohuwa na tsoron a shigo mata da kayan sata. Ba su san ina duba ko akwai wanda yake jira ba ne. In na kwashe tuwo kuma, har yau akushi ɗaya nake ƙarawa.